Fitila na ƙyafta ido, taya na haƙa rijiya

A dashbod ɗin Land Cruiser a-kori-kura, samfurin 79, akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, an rubuta masa OFF, RR (wato baya) da FR·RR (gaba da baya). In ka murɗa zuwa RR, aksul ɗin baya zai kulle, tayoyin baya biyu su riƙa juyawa tare, ko da ɗaya tana lilo a sama. Haka littafin mota ya ce. Tawa kuwa, ranar da muka kutsa taɓon wata fadama tsakanin Haɗeja da Nguru, tsakiyar Agusta, da buhun taki 20 a baya, sai fitilar RR ta tsaya tana ƙyafta mini ido. Tayar hagu ta shiga haƙa rijiya, ta dama ta harɗe tana kallo.

Ba laifin tayar dama ba ne. Aksul ɗin da bai kulle ba, tayar da ta fi samun santsi ita ke kwashe juyin, mai ƙasa mai tauri kuma ta zauna ba aiki. Don haka ne ma aka sa makullin.

Kafin in sauko, jama'a sun taru, kuma kowa makaniki ne. Wani ya ce batir ne. Wani ya ce in taka totur har ƙasa, tunda injin 1HZ mai silinda shida ba ya jin tsoron kowa. Wani dattijo mai fartanya a kafaɗa ya leƙo ta taga, ya daɗe yana duban fitilar, sannan ya ce, "Malam, ai siginarka ce ka bari a kunne."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ba ta kwana ba ce."

Shawarar mai totur ita ce mafi haɗari. Ba a murɗa maɓallin nan taya tana gudu. Na'urar da ke kula da shi ba ta tura wuta in gudu ya haura kilomita 8 a awa, kuma tayar da ke juyawa a banza tana sa mita ta ɗauka tafiya ake yi. In ma aka yi rashin sa'a haƙoran suka cafki juna ana cikin wannan gudu, to a shirya kuɗin sababbi. Saboda haka na tsaya cak, na mayar OFF, na tabbatar hob ɗin tayoyin gaba, wato abin murɗawar da ke tsakiyar kowace taya, suna LOCK, ƙaramin liba yana L4, wato ƙaramar giyar fo-wil, fitilar 4WD ta kama. Wannan fitilar tana da muhimmanci, domin in sawicin da ke jikin akwatin ƙaramar giya bai shaida wa na'urar cewa an shiga fo-wil ba, ko kwana za ka yi kana murɗawa ba abin da zai motsa.

Ƙyaftawar ita kaɗai ba ta nufin lalacewa. Ma'anarta an ba da umarni, ba a cika ba tukuna. A jikin aksul akwai ɗan ƙaramin moto da ke murɗa wani sifirin, sifirin ya tura fok, fok ya tura wani zobe mai haƙora ya shige cikin ɗan'uwansa. In haƙori ya ci karo da haƙori, sifirin zai riƙe yana jira har taya ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, sannan ka ji ƙas. Shi ya sa ake ɗan matsawa gaba a dawo baya a hankali, ana karya sitiyari. Na yi gaba, na yi baya, na karya hagu da dama. Abin da na samu kawai shi ne rijiyar ta ƙara zurfi.

Saura a saurari moton. In aka kashe inji aka bar makullin mota a ON, wanda ke kusa da aksul zai ji shi yana ɗan kuka na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na dubi yaron motata, ya dubi taɓon, ya ce, "Oga, daga nan ma ina ji." Na murɗa. Ya ce ya ji kwaɗi.

Ƙarshenta buhunan muka sauke ɗaya bayan ɗaya, aka shimfiɗa rassa, wani yaro ya kawo bijiman huɗa biyu aka ɗaura igiya. Suna ja, ina taimaka musu da giya ta ɗaya, har muka hau tudu. Da na miƙa masa ladansa sai ya shafa bodin motar ya ce, "Alhaji, ita wannan nawa ake sayar da ita?" Ban faɗa masa ba, don kada shanun su ji.

A gareji aka bi abin daki-daki. Fiyus lafiya. Muka tokare tayoyin gaba, muka mayar da hob FREE don farfela, sandar da ke kai juyi ga aksul, ta samu juyawa, muka ɗaga baya aka sa turaku, ba jak kaɗai ba, giya a firi, birkin hannu a sauke. Ka juya taya ɗaya da hannu: in ya kulle, ɗayar za ta bi ta su tafi gefe guda. Tawa kowace harkar gabanta take yi. Wannan gwajin yana raba gardama, domin wani lokaci aksul ya kulle sarai, ɗan sawici mai waya biyu da ke shaida wa fitila ne ya mutu, ita kuma ta yi ta ƙyaftawa tana yi wa mota ƙazafi.

Muka duba soket ɗin moton, mai waya biyar: biyu na moto, uku na sawicin da ke tsayar da shi in ya kai ƙarshe. Mita ta nuna wuta ta iso daidai lokacin da aka murɗa maɓalli. Ashe daga sama kowa ya yi aikinsa. Can kuma sai ga ɗan tiyon numfashin moton, wanda ya kamata ya hau sama ya maƙale a shasi, yana reto a tsinke, bakinsa a ƙasa. Duk kududdufin da muka ratsa tun farkon damina sai da ya kurɓa.

Da muka buɗe murfin, ruwa ne ja ya fara gaishe mu. Giris ya zama kunu. Maganaɗisun da ake mannawa a bangon moton sun ɓalle saboda tsatsa ta ci ƙarƙashinsu, sun rungume abin da ke juyawa a tsakiya gam. Kafin a ciro su sai a sa wa kowanne alama da gurbinsa da fuskarsa, don in aka juya su moton zai yi baya in an ce gaba, ko ya ƙi tashi. Muka goge da sanfefa, muka manna da gam mai haɗi biyu, muka bar shi ya kwana. Layukan tagullar sawicin aka kankare har suka yi haske, aka sa sabon giris kaɗan. Mayar da burushin moton kuwa, ƙananan gawayin da ke kai masa wuta, sai da zare: ka ɗaure su baya, ka zura, ka zare zaren. Ɗaya ya kuɓuce, sifirinsa ya yi tsalle, ƙarti uku muka rarrafa cikin ƙasar gareji muna nema, mai shayi yana tambaya ko zinari ne ya faɗi.

Wajen gwaji, rewaya ya jawo batirin mota. Na riƙe hannunsa. In ka ba moton wuta kai tsaye, ka tsallake sawicin tsayawa, zai zarce iyaka ya murɗe sifirin. Ƙaramin batir mai bolt 9 ya isa, ana ɗan taɓawa ana ɗagawa, a juya wayoyin ya koma baya. Wajen ɗaurawa kuma dole moto da fok su kasance a matsayi ɗaya, in wannan yana kulle wancan ma yana kulle. Aka sa sabon tiyo har saman shasi, bakinsa ya kalli ƙasa. Man aksul ma ya yi fari, ruwa ya shiga. Da sifana 24 muka fara kwance kusar cikawa kafin ta zubarwa, muka cika da man giya 80W-90 GL-5 har ya taɓo bakin rami.

A filin ƙwallo na bayan gari na gwada. Da karya sitiyari sai ƙas, fitila ta tsaya cak. Yaron motata har da tafi. Na mayar OFF, sai mota ta ce ita kuma yanzu ba ta san buɗewa ba. Nauyi ne ya matse haƙoran, kuma ba a hawa kwalta a haka, mota za ta ƙi kwana, shaf ɗin taya na iya karyewa. Maganinsa a ɗan yi ribas ana kaɗa sitiyari. Ina cikin yi, gaba kaɗan, baya kaɗan, sai wani mai koyar da tuƙi ya tsaya da jan L a motarsa, ya miƙo mini kati ta taga, ya ce yana yi wa dattawa ragi.