Ba jiki ne ke sabawa da magani ba

A asibitocin Birnin Kebbi da Argungu za ka ji mai jinya na cewa, "Jikin Baba ya saba da allurar, shi ya sa ta daina yi masa aiki." In dai allurar kashe ƙwayoyin cuta ce, ba haka ba ne. Ƙwayar cutar ce ta samu makamin kare kanta.

A hanjin kowa akwai bakteriya irin su E. coli, kuma galibi lafiya lau ake zaune da su. Wasunsu ne ke fitar da sinadarin ESBL, mai farfasa magunguna irin su amoksisilin da seftiriyazon tun kafin su yi aiki. Akwai ma sinadarin NDM-1 da aka gano a 2008, mai lalata kabafenem, maganin da likita ke ajiyewa sai ta ɓaci.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin na miƙa wa juna wannan makami. Ko wanda bai taɓa shan maganin ba yana iya kwasarsu a gadon asibiti, ta robar fitsari ko hannun da ya zubar da fo ba a wanke da sabulu ba. Kafso ɗin da muke saye a kemis don mura kuwa, raunanan yake kashewa, ya bar wa masu taurin fili.