Bakano da Bazazzagi a Kogon Filamenko

(Giranada, kudancin Sifaniya, wajen ƙarfe tara na dare. Alhaji Bakano, dillalin fata da ya zo ganin masu kamfanin takalma, yana hawa tudun Sakromonte don kallon filamenko, waƙa da rawar mutanen yankin, tare da abokin wasansa Malam Bazazzagi, wanda ya biyo shi da sunan tafinta alhali Sifaniyancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ɗan ƙanwar Alhaji, ɗalibi a jami'ar garin, shi ke gaba.)

ALHAJI: Kai yaro, tsaya in numfasa. Ka ce gidan kallo za mu, ga shi ka haɗa ni da hawan Dala.

ƊALIBI: Saura kaɗan, Kawu. Ai na ce mu shiga jar ƙaramar bas ɗin nan, ka ce a bar kuɗin.

MALAM: Dala ma har dutse ne? Wanda ya saba da Kufena ba ya haki a nan.

ALHAJI: To wannan zugazugin da nake ji a bayana na wane ne?

MALAM: Tasbihi nake yi. Waiwaya ka ga dalili. Waccan fadar da aka haska a kan tudu ita ce Alhamra. Garnaɗa ke nan ta cikin littattafai, ƙarshen daular Musulmi a Andalus. A 1492 ta faɗi.

ALHAJI: Allah sarki. Yanzu wa ke karɓar haya?

ƊALIBI: Hukuma, Kawu. Tikiti ake saya. Mun iso, ga ƙofar.

(Kogo ne siriri mai tsawo, an shafe shi da farar ƙasa, tukwanen tagulla na reto a sama, kujeru a jere jikin bango hagu da dama.)

ALHAJI: Rami? Yuro 30 kowane kai, a rami?

ƊALIBI: Gida ne, Kawu. Hitanawa, wata ƙabila da a da ke yawo ƙasa-ƙasa, su suka fafe dutsen suka zauna a ciki. Da zafi akwai sanyi, da hunturu akwai ɗumi. Wasan da ake yi a waɗannan kogwanni wani nau'in filamenko ne, sunansa zambra.

ALHAJI: Zamba! Alhamdu lillahi da suka faɗa da bakinsu.

MALAM: Zambra, Alhaji, da "ra". Daga Larabci kalmar ta zo. Asalin abin shagalin aure ne.

ALHAJI: Aure? To ina amarya, ina shinkafa?

ƊALIBI: Lemo ɗaya ne a cikin kuɗin.

ALHAJI: Zamba cikin aminci ke nan.

(Suka zauna, gwiwar Alhaji na gugar ta wani Bajafane. Mai jita ya fara. Wani dattijo mai baƙar riga ya runtse ido, ya dunƙule hannu, ya ja wata murya mai kaushi: "Ayyy, ay, ay...")

ALHAJI: Ayya, sannu! Yaro, wa ya rasu?

ƊALIBI: Waƙar ce ya fara, Kawu. Rage murya.

ALHAJI: Wace irin waƙa? Dubi yadda ya dafe ciki. A jiƙa masa kanwa. Kuma shi ke ciwon, shi ke yi wa kansa ayya? Ba shi da dangi?

MALAM: Rashin sani ya fi dare duhu. Kukan ƙarni biyar kake ji. Mutanen nan asalinsu Indiya ne.

ALHAJI: Indiya? Ina lambu, ina furanni, ina guje-guje a bayan bishiya?

MALAM: Ba Indiyar silima ba. Kakanninsu suka baro can, suka yi ta yawo har suka shigo Sifaniya a 1425. An kafa musu dokoki, an hana su yarensu da tufarsu. A 1749 sarki ya sa aka yi musu kamun dare ɗaya, dubban mutane, maza aka tura aikin ƙarfi, mata da yara aka kulle daban. Waƙarsu ta gauraya da ta mutanen Andalus, filamenko ya fito. Wanda ya sha wannan ba zai yi maka waƙar yabon masu kuɗi ba.

ALHAJI: Wato ba zai ambaci sunana ba?

ƊALIBI: Ba maroƙi ba ne, Kawu.

ALHAJI: Ko sanƙira babu? To wa zai sanar da jama'a na zo?

MALAM: Babbar rigarka ta sanar. Abin nan fa UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya tun 2010, a taron Nairobi.

ALHAJI: Hawan Sallar Kano ma an sa shi a 2024. Zariya me aka sa?

MALAM: Mu ilimi muka riƙe.

ALHAJI: Ku riƙe da kyau, kada ya faɗi.

(Mata biyu da saurayi suka soma tafi. Alhaji ya gyara hannun riga, ya shiga tafi iya ƙarfinsa. Wata tsohuwa mai fure a ka ta watso masa harara.)

ƊALIBI: Kawu, don Allah sauke hannu.

ALHAJI: Da kuɗina a hana ni tafi?

ƊALIBI: Tafin nan kayan kiɗa ne, kamar kalangu. In ka shiga kamar ka karɓe gangar makaɗi ne ana tsakiyar biki. Duba, in mawaƙi na rerawa sai su lanƙwasa tafin hannu ya fita a dishe. In rawa ta yi zafi sai su buga da yatsu ya fita ƙas-ƙas.

MALAM: Kuma a ƙidaye yake. Bugu 12 ne, nauyin na faɗawa a kan 3, 6, 8, 10 da 12. Bari ka ga yadda masu ilimi ke yi. Ɗaya, biyu, UKU, huɗu, biyar...

(Malam ya tafa a inda kowa ya yi shiru. Tsohuwar ta juyo da hararar kansa, wannan karon har da tsaki.)

ALHAJI: Ilimin ya faɗi. Na ce maka ka riƙe da kyau.

MALAM: Su suka yi sauri.

ALHAJI: Wancan yaron kuma ba a ba shi kujera ba, ya hau akwati yana duka?

ƊALIBI: Shi ne kahon.

ALHAJI: Ƙahon me? Na sa ko na rago?

ƊALIBI: Kahon, akwatin kiɗa. Daga ƙasar Peru babban makaɗin jita Paco de Lucía ya kawo shi a shekarun 1970, yanzu ya zama ɗan gida.

ALHAJI: Katako shida da rami ɗaya. Kafintan unguwarmu zai haɗa goma kafin azahar. Tambayar mini nawa suke saye.

(Wata mata ta miƙe, ta haura shekara hamsin, fuska a murtuke. Ta ɗaga hannu sama tana murza yatsu a hankali, sai ta tattare siket ta saki ƙafa. Kogon ya ɗauki amo kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano.)

MALAM: Dubi riganta, Alhaji!

ALHAJI: Rigarta ake cewa. Har ƙasar Turawa ka biyo ni da Zazzaganci. Ni ba riga nake kallo ba, takalmi nake kallo. Wannan fatar kirki ce. Me ke ƙara a ƙasansa?

ƊALIBI: Ƙananan ƙusoshi ake jerawa a dunduniya da kan yatsu, a goge su su yi sumul.

ALHAJI: Kullum haka take dukansa?

ƊALIBI: Kullum, wani daren sau biyu.

ALHAJI: Abin nema ya samu! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita ta kashe takalmi, ni in kawo fata. Allah Ya ƙara wa ƙafar nan lafiya. Amma wa ya ɓata mata rai? Mai rawa ba ta murmushi?

MALAM: Wannan ba rawar koroso ba ce. Abin da suke nema sunansa duwende. Ma'anar kalmar a harshensu wani ɗan aljani ne. In ya sauko, mai rawa ba ta san inda take ba.

ALHAJI: A'uzu billahi! Bori ka kawo ni? Yaro, uwarka ta san inda kake zuwa da dare?

ƊALIBI: Salon magana ne, Kawu. Kamar a ce waƙa ta ratsa mutum.

('Yan tafi suka ɗaga murya: "Ole! Ole!")

MALAM: Ka ji? Wasu masana sun ce daga "Allah" kalmar ta samo asali, wasu sun musa.

ALHAJI: Ai dole su kira sunan Allah, ƙafar nan ta kusa fasa dutse. Matsa in yi liƙi.

ƊALIBI: Kawu! Ba a liƙi a nan. Kuma ƙaramar takardar yuro biyar ce.

ALHAJI: Wa ya ce maka yuro? Sababbin 'yan naira ɗari biyu na taho da su. Ina ta san canji?

MALAM: A gida ma doka ta hana liƙi da naira tun 2007.

ALHAJI: A gida. Nan rami ne a Sifaniya.

(Ɗalibi ya riƙe masa hannu. Ana haka jita ta yi shiru, tafi ya tsaya. Dattijon ya miƙe tsaye shi kaɗai, saurayin ya ɗauko guduma yana dukan ƙarfe a hankali, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya.)

ƊALIBI: Wannan martinete ne, waƙar maƙera. Ba a sa mata jita.

MALAM: Irin tsohuwar waƙar nan ce aka ji tsoron ɓacewarta, shi ya sa a 1922 mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubucin waƙoƙi García Lorca suka shirya gasa a cikin Alhamra. Wani tsoho da wani yaro ɗan shekara 12...

ALHAJI: Malam, yi mana shiru.

(Malam ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba tun daga filin jirgin Kano. Muryar dattijon ta hau, ta karye, ta sake hawa. Da ya gama, Alhaji na goge ido da gefen hula.)

MALAM: Alhaji, kuka kake?

ALHAJI: Wa? Ni?

ƊALIBI: Me ka ji, Kawu? Ai ba ka jin yaren.

ALHAJI: Akwai wani maƙeri a bayan gidanmu muna yara. Ranar da aka binne ɗansa bai rufe maƙera ba, haka ya wuni yana dukan ƙarfe, babu abin da yake ƙerawa.

MALAM: Duwende ya kama Bakano! Wallahi sai na ba da labari a Zariya.

ALHAJI: Yuro 90 na juya zuwa naira a kaina, shi ne hawayen ya zubo. Kai da ba ka biya ba ina za ka san zafin?

(Kiɗa ya canja, tafi ya ɓarke da sauri. Tsohuwar mai harara ta taso, ta wuce Bajafane, ta wuce Alhaji, ta cafke hannun Malam ta ja shi tsakiya.)

MALAM: Yaro, gaya mata ni malami ne! Gaya mata ina da ciwon gwiwa!

ALHAJI: Kai ne tafinta, gaya mata da kanka. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Ƙidaya, Malam! Uku, shida, takwas!

(Malam ya ɗaga hannu sama, ya buga ƙafa, silifa ɗaya ya tashi ya daki tukunyar tagulla. Kogon gaba ɗaya ya ce "Ole!" Alhaji ya ƙwace hannunsa, ya miƙa wa ɗalibi waya, ya shiga manna wa Malam 'yan ɗari biyu a goshi.)

ALHAJI: Ɗauka da kyau, yaro, fuskar ta fito. Ka ce ba a yi musu liƙi, wannan nawa ne, da shi na zo. Malam, labarin kukan nan har yanzu za a kai shi Zariya?

MALAM: Wane kuka? Ni ban ga kowa yana kuka ba.

(Aka tashi. Baƙi na fita, Alhaji na durƙushe yana tsince kuɗinsa yana ƙirgawa.)

ALHAJI: Arba'in da takwas, arba'in da tara. Saura ɗaya. Malam, ɗaga ƙafarka.