Ashar a majalisa: har da mu masu dariya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuke da wurin zama bayan la'asar ko bayan isha'i, ko dakali ne a ƙofar gida, ko bencin mai shayi, ko gidan kallon ƙwallo.

Maganar zagi zan yi. Cewa haramun ne, wannan ko ɗan aji biyu na Islamiyya ya sani. Waɗanda nake so mu duba su ne sauran mutanen da ke zaune lokacin da ake zagin, masu ƙyalƙyala dariya da masu tafawa, da wanda ya sunkuyar da kai yana danna waya kamar bai ji ba. Na zauna a sahunsu, shi ya sa nake da bakin magana.

Majalisarmu a dakalin gidanmu take, a wani lungu a Mandawari, cikin birnin Kano. Mun fi shekara goma muna zama. A cikinmu akwai wani tela, mutum mai sanyin hali, yana da in'ina. Akwai kuma wani abokinmu ɗan kasuwar Kwari, mai kyauta, mai ban dariya, kusan kullum shi yake biyan kuɗin shayin kowa, amma bakinsa reza ne. Shi ya laƙaba wa telan wani suna da ke kwaikwayon yadda maganarsa take sarƙewa. Muka ɗauka gaba ɗaya, har yaran layi suka koya. Telan yakan yi murmushi kawai, mu kuma muka fassara murmushin da cewa ya yarda.

Wani dare ana musun Madrid da Barcelona, sai telan ya kawo hujja ya ƙure ɗan Kwarin, aka yi shewa. Shi kuma da ya ga an yi masa dariya sai ya ce, "Kai har kana da bakin magana a nan? Je ka biya bashin da tsohonka ya mutu ya bari tukuna." Wasu suka ce kai! Wasu suka fashe da dariya, ina cikinsu. Telan ya ajiye kofin shayinsa a gefen dakali, ko rabi bai sha ba, ya laluba takalminsa ya ce sai da safe. Abin da na iya faɗa masa a matsayina na mai gida shi ne, "Haba malam, wasa ne fa, kai ma ka cika fushi."

Wasa yana da ƙa'ida, kuma Bahaushe ya daɗe da saninta. Bakano da Bazazzagi suna tsokanar juna, haka Bafulatani da Babarbare, haka taubasai, haka jika da kaka. Amma duk wanda ya lura zai ga kowa yana bayarwa yana karɓa, kuma ba a taɓa inda ke ciwo da gaske. Ba za ka ji taubashi ya yi wa taubashinsa gorin talaucin ubansa ko sakin da aka yi wa uwarsa ba. Idan kana so ka gane ko wasa ake yi, dubi fuskar wanda ake yi da shi, sannan ka tambayi kanka ko yana da ikon ramawa. Idan kullum mutum ɗaya ake ci, shi ba ya cin kowa, to an mai da shi abin nishaɗi ne kawai. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta ambaci abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya: yi wa juna izgili, aibata juna, da jifan juna da munanan laƙubba. Mu mun haɗa duka ukun a kan bawan Allah guda, muna kiran abin raha.

Zaman bakin hanya kansa sai da Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai a kansa. Da suka ce ba su da makawa, nan ne wurin hirarsu, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ke nan dakalin da muke zama a kansa da sharaɗi aka bar mana shi, kuma hani da mummuna yana cikin sharaɗin.

Ga kuma ashar, wadda ta zama mana kamar gaisuwa a garin nan. Tsaya a cunkoson Ƙofar Wambai ko Bata da rana tsaka ka ƙirga daƙuwar da za ta fito daga adaidaita sahu cikin minti biyar. Yaro bai gama iya tsarki ba ya iya "uwarka". Alhali a hadisi an lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, aka tambaya ta yaya mutum zai zagi iyayensa, aka ce zai zagi uban wani, shi ma ya zagi nasa, ya zagi uwar wani, shi ma ya zagi tasa. Tsohuwarka tana gida tana jan carbi, kai ka fita ka sayo mata zagi a kan bugun fenareti.

Yanzu bari in juyo kanka, kai da ake jin maganarka a majalisa. Kowace majalisa tana da irinka ko da ba a naɗa ka ba: mai gidan da dakalin yake, ko wanda ya fi shekaru, ko mai shayin da bencin nasa ne, ko mai gidan kallo. Mai zagi ɗan kasuwa ne, dariya ce ribarsa. Ranar da ya yi baƙar magana wurin ya yi tsit, kai kuma ka ce "Ba ma yin haka a nan," ranar kasuwarsa ta fara mutuwa. Kuma tun a ta farko ake faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da mun tsayar da laƙabin nan tun makon da aka ƙirƙiro shi, da maganar bashi ba ta samu ƙofar shigowa ba.

Abin da ya fi wuya shi ne adalci. Tsawatar wa yaron da ba shi da kowa ba jarumta ba ce. Gwajin yana zuwa ne ranar da mai laifin shi ne amininka, ko mai biyan kuɗin shayi, ko wanda kake sa ran zai ranta maka jari. A gaskiya shayin nan ne ya ɗaure mana baki, ba mu dai faɗa wa juna ba. Kuma ku lura da kalmar "yi haƙuri", wa ake faɗa wa ita? Kusan kullum wanda aka zalunta, domin shi ya fi sauƙin lallashi. Sai a tashi an ce an yi sulhu, wanda ya yi zagin ko kunya bai ji ba. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin. Saboda haka wanda ya fara shi ake fara yi wa magana, shi zai ba da haƙuri, a gaban mutanen da ya yi cin fuskar a gabansu.

A wurin ka tsayar da maganar kawai, kada ka mai da tsawatarwa wani sabon cin mutuncin. Sauran bayani ka bari sai kun keɓe, ku biyu a hanyar masallaci ko a shagonsa. Mutum yakan karɓi gyara a keɓe wanda in a gaban jama'a ne sai ya gwammace a mutu. Idan an yi masa sau ɗaya, sau biyu, ya ƙi ji, to a gaya masa ƙarara ya huta da zama na ɗan lokaci, a kuma gaya masa dalili. Ban da yi masa taron dangi, ban da ƙin amsa sallamarsa, don an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana 3. Ƙofar dawowa kuma a bar ta a buɗe. Misɗahu yana cikin waɗanda suka yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ga shi Sayyidina Abubakar ne ke ciyar da shi. Abubakar ya rantse ya daina, aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira ga yafiya, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Laifin majalisarku bai kai wannan ba.

Kada kuma wani ya fahimce ni a baibai ya ce a hana musu. Majalisar da ba a musu ai zaman makoki ce. Kano garin gardama ne tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC, aka zo ɓangarorin Santsi da Taɓo bayan jam'iyyar PRP ta rabe, yau ga masu jar hula da waɗanda ba sa sa ta, ga maganar masarauta da ta raba kan gidaje. A yi musu, a kawo hujja, a ƙure juna. Iyakar ita ce a tsaya a kan maganar, kada a koma kan mai maganar da iyayensa da halittarsa. Sojojin baka da kuke ji a rediyo da daddare sana'arsu suke yi, kai wa zai biya ka? Kwankwaso da Ganduje gwamna da mataimaki suka yi tare har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, da kuma 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari. 'Yan siyasa suna haɗuwa su rabu, su rabu su haɗu, kai kuwa maƙwabcin da ka zaga saboda su shi ne zai ɗauki makararka.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin majalisa. Wannan "ɗan shege" da ake jifan mutum da ita, ko a ambaci ƙanwar wani ko matar wani da alfasha, idan da gaske ake nufi sunansa ƙazafi. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce wanda ya yi shi bai kawo shaidu 4 ba bulala 80 ce, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Jihar Kano tana da dokokin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kotuna suna nan, Hisba ma tana zaman sulhu. Yanzu kuma kowa da waya a hannu, kafin ka tashi daga benci wani ya naɗi muryarka. Haka idan zagi ya koma barazana, aka fara "za ka gani" ko aka ambaci wuƙa, kada ka ce za ka kashe wutar da kanka don kada a ce ka kai ƙara. A sanar da iyaye, a sanar da liman da mai unguwa tun da wuri, in ta kama a kai ga 'yan sanda. Sau nawa muka ji faɗan daba ya tashi unguwa guda, da aka bi silarsa baƙar magana ce tsakanin yara biyu?

Kai kuma da aka zaga, ba zan ce dole ka haɗiye komai ba. Hadisi ya nuna zunubin masu zage-zage yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Matsalar ita ce cikin fushi ba wanda yake riƙe da ma'auni, a ba ka ɗaya ka mayar da uku, sai ka tashi daga mai gaskiya ka koma mai laifi. Ka ce ba ka so, da babbar murya, sau ɗaya. Idan mai majalisar bai tsaya maka ba, ka ɗauki takalminka, Kano ba ta rasa wurin zama ba.

Telan namu haka ya yi. Sai bayan wata biyu, ana saura 'yan kwanaki azumi, na yi ta maza na je shagonsa da yadi a leda, don in samu abin fakewa. Na tarar yana kan keke, allura a baki, ga tarin ɗinki a bayansa. Na fara kame-kame ina cewa ai mutumin namu halinsa ne, ba ya nufin komai. Ya cire allurar ya ce, a hankali yadda ya saba, ya san halinsa tun suna firamare, abin da ya hana shi barci a daren shi ne a ƙofar gidana aka yi, kuma ya ji muryata cikin masu dariya. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ya ɗauko tef ya auna ni, ya rubuta a littafinsa, ya ce in dawo ranar ashirin ga wata.

Ɗan Kwarin ma daga baya na same shi mun yi magana, ya je ya ba da haƙuri, laƙabin kuma mun hana yaran layi faɗa. Telan yana wucewa ta layinmu kusan kullum bayan isha'i idan ya rufe shago. Yakan ɗaga hannu ya yi sallama, mu amsa, mu ce bismillah ga wuri, ya ce a'a sauri yake yi.