Layin Ranar Alhamis

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. A rumfar mai cajin waya janareto na ta ƙugi, wayoyi sun fi hamsin jere a kan katako kamar kifin da aka shanya. Alhaji, wanda ke zuwa daga Kano duk mako sayen riɗi da zoɓorodo, yana kan benci da wayoyi biyu, kowacce da layi biyu. Kusa da shi Injiniya ne, wanda ya gama digiri shekara huɗu ke nan, aikin bai zo ba amma sunan ya zauna. Jauro kuwa ya jingine sandarsa, yana latsa waya yana dariya shi kaɗai.

ALHAJI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

MAI CAJI: Subhanallahi, Alhaji, wa ya rasu?

ALHAJI: Giga goma. Jiya da la'asar na saye ta da ƙoshin lafiyarta. Yanzu na danna *323#, wai sai dai wata.

MAI CAJI: Allah ya ba da haƙuri. Wace ce a cikinsu?

ALHAJI: Amarya mana. Uwargida ai ba ta yi mini haka.

JAURO: Aradu Alhaji, amaryarka ta rasu kana zaune a kasuwa?

MAI CAJI: Jauro, layukansa yake nufi. Huɗu ne ras, ya cike ƙa'ida.

ALHAJI: Kuma kowacce da halinta. Uwargida tsada gare ta, amma ko cikin rami ka shiga za ta bi ka. Ta biyu kyauta gare ta, ka ba ta dubu ɗaya ta jibgo maka data kamar ta gaji gidan mai, amma kafin hoto ɗaya ya buɗe ka yi alwala ka yi nafila. Ta uku sai a birni take magana, da mun wuce Gumel ta ɗauki gaba da ni. Amarya kuwa gudu kamar barewa, ci kamar gara.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, matsalar ita ce kuna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai sauri, akwai yawa. Yawa shi ne tankin ruwa, sauri shi ne bakin famfo.

ALHAJI: To, an fara lacca. Mai caji, miƙo mini ruwan leda, a rubuta.

INJINIYA: Idan kamfani ya ce saurinsa mega 8 ne a daƙiƙa, da ƙaramar b yake rubutawa. Datar da kake saya kuma da babbar B ake auna ta. Ƙanana takwas ne ke yin babba ɗaya. Wato mega 8 na talla, mega 1 ke shiga wayarka a daƙiƙa.

ALHAJI: Dakata. Kana nufin mudun talla daban, mudun awo daban?

INJINIYA: Kusan haka.

ALHAJI: Kai! Wannan ai rashin tsoron Allah ne.

JAURO: Ashe a wurinka suka koya. Tiyar da kake sayen riɗi da ita, aradu ɗan maraƙi zai kwanta a ciki.

ALHAJI: Kai Jauro, ana maganar ilimi, ka bari shanu su huta.

INJINIYA: To a wannan saurin, in kana sauke abu ba tsayawa, giga ɗaya za ta kai ka kamar minti 17. In saurin ya ninka goma, ko minti biyu ba za ta cika ba. Kuma da bidiyo ya ga hanya ta buɗe, sai ya ƙara wa kansa kyau ba tare da ya tambaye ka ba. Kai kana murna hoto ya fito tar, kana ƙirga gashin gemun mai wa'azi, ita kuwa data tana zuba.

ALHAJI: Ni da na sayi waya mai 5G, kuɗi wuri na gugar wuri?

INJINIYA: 5G tun 2022 ta shigo Najeriya, amma a manyan birane ta sauka. Duba saman wayarka yanzu, me aka rubuta?

ALHAJI: Wannan H ce. Waccan kuma E.

MAI CAJI: H ɗin nan Haƙuri ke nan.

JAURO: E ɗin kuma amsawa take yi. E, na ji, ina nan tafe.

Nan aka yi dariya har mai rake da ke wucewa ya tsaya ya taya, bai ma san abin da aka ce ba.

ALHAJI: Ku yara ba ku san komai ba. A 2001 da aka kawo salula, layi kaɗai sai da na ajiye sama da naira 20,000. Kira naira 50 minti ɗaya, ko "salamu alaikum" ka ce ka kashe, an cire hamsin. Sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Akwai layin da na riƙe tun yana Econet, ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, ya koma Airtel.

JAURO: Aure biyar? Kuma duk tana ɗakinka?

ALHAJI: Ko sau ɗaya ba a gayyace ni ɗaurin auren ba. Abin da nake faɗa, a da tsadar a fili take, ka san abin da ya cije ka. Yanzu kuwa sai a yi maka murmushi a yanke aljihu. Kwanaki na sayi wadda suke kira anlimited, wai ba ta da iyaka. Kwana tara tana tashi sama, ran na goma ta koma tafiyar hawainiya.

INJINIYA: Ai an rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. In ka kai wani adadi sai a rage maka gudu. Ba a yanke ba, an dai shaƙe.

MAI CAJI: Walimar marowaci ke nan. A ce maka ci ka ƙoshi, bayan loma goma a karɓe cokali a miƙo maka tsinken sakace.

JAURO: Ni abin da ban gane ba, wai data tana lalacewa bayan kwana talatin. Ɗan ƙanena ya saya, ya adana, bai taɓa ba don tattali. Wata ya cika aka ce ta mutu. Nono ce da za ta yi tsami? Ko gero ce da ƙwari za su shiga?

INJINIYA: Baffa, in ya sabunta kafin wa'adi ya cika, yawanci ana haɗa masa ragowar da sabuwar.

JAURO: Wato in sayar maka da saniya, in ce in ba ka yanka ta a wata ɗaya ba zan dawo in kore abata, sai fa in ka sayi wata ka ɗaure kusa da ita.

INJINIYA: To... ba haka ake faɗa a littafi ba.

JAURO: A ruga sunan wannan sata.

Injiniya ya buɗe baki ya rufe. Ni ma da nake gefe ina jiran wayata ta cika, na nemi amsar na rasa.

ALHAJI: Bari ta dare. Aka ce mini akwai mai arha daga sha biyu zuwa asuba. Na saya, na saita ƙararrawa. Dare uku ina tashi ina zama a tsakar gida, har Hajiya ta fara gaya wa maƙwabta Alhaji ya kama tahajjudi. Dare na huɗu ta leƙo ta tarar ina kallon dambe.

MAI CAJI: Ai gara kai. Ni rance na ci. Na ranci ɗari, aka ba ni tamanin da biyar, aka rubuta ɗari. Da na sa kati kuwa, kafin in ɗaga ido sun zare abinsu. Ko mai adashi tana yin sallama.

ALHAJI: Ga kuma ƙarin da aka yi.

INJINIYA: Wannan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ta amince, a Janairun 2025, kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin ma ninki suka nema. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Sun ce dizal ɗin da ƙarafunan sabis ke sha ya yi tsada, kayan aiki kuma da dala ake shigo da su.

MAI CAJI: Wannan kam ban musa ba. Ni ma janareton nan ba addu'a yake sha ba. Shi ya sa caji ya tashi.

ALHAJI: Kowa da hujjarsa, aljihuna ne kawai ba shi da lauya.

JAURO: Ni kuwa ran nan na bi shanu ta arewa kaɗan, sai waya ta fara turo mini saƙo da Faransanci. Na kira gida na ce a ɗaure ɗan maraƙi, katin dubu ɗaya ya tafi.

INJINIYA: Ƙarfen Nijar wayarka ta kama, sai aka yi maka kuɗin baƙo.

JAURO: Shanun sun ci ciyawar Nijar kyauta, ni na yi magana da bakina an caje ni. Shi ya sa na bar duk waɗannan na koma sabon kamfani. Ba kati, ba rance, ba wa'adi. Gudu kuwa, aradu ko amaryar Alhaji albarka.

ALHAJI: Wane kamfani ne wannan?

JAURO: Aibinsa ɗaya, ranar Alhamis kaɗai yake aiki. Kuma sai a rumfar nan.

INJINIYA: Alhaji, ƙyale Baffa, bai san abin da yake faɗa ba. Mu koma kan maganar tanki.

ALHAJI: Bari dai in sake gwada amarya. Na sa mata giga biyar yanzu, ina riƙe da wayar, ban buɗe komai ba. Bismillahi... Kai! Ta koma huɗu da rabi! Ina kallo! Wallahi yau sai na kira 622 na kai ƙara hukuma.

INJINIYA: A'a ranka ya daɗe, abin bai kai nan ba. Wataƙila manhajoji ne ke sabunta kansu a ɓoye. Kawo in duba maka.

MAI CAJI: E, ba shi ya duba. Ba sai an tara jama'a ba.

ALHAJI: Tun yaushe kuka fara tausayin kamfani? Jauro, zo nan. Ya sunan kamfanin naka?

JAURO: Ni ban iya boko ba. Ga shi nan, Injiniya ne ya sa mini. Ya ce lambar shiga daga ɗaya zuwa takwas ce, ko yaro zai riƙe.

Alhaji ya ɗora tabarau a karan hanci, ya kai wayar nesa, ya dawo da ita kusa.

ALHAJI: "Alhaji Riɗi." Wannan ai sunan da ɗana ya sa wa wayata ne ran da ya jona kwamfutarsa.

JAURO: Allahu akbar! Ashe kamfanin naka ne? Miyetti, Alhaji. Allah ya ƙara arziki. Duk rugarmu ana sa maka albarka.

ALHAJI: Duk rugarku?

JAURO: Waɗanda ke zuwa kasuwa dai. Bi da bi muke yi, don wurin mutum goma yake ɗauka.

ALHAJI: Injiniya!

INJINIYA: Ranka ya daɗe, ni takardun neman aiki kawai nake turawa.

JAURO: Da wasan ƙwallon nan na Ingila da kake nuna mana.

ALHAJI: Ni ina zagin amarya, ashe gardawa ne suka kewaye tukunya! Ina wurin kashewa? Yawwa. Na kashe. Kowa ya je ya auri tasa.

Bai rufe baki ba aka ji tsaki ya tashi daga rumfar mai shayi, wani daga wajen masu gyaran babur ya ɗaga murya yana tambaya ko sabis ya ɗauke ne. Ana cikin haka sai ga manomin da ya auna wa Alhaji riɗi ya iso, ya ce shi kuɗi a hannu yake so, motar garinsu za ta tashi.

ALHAJI: Mai caji, ga katina, ciro mini dubu ɗari a POS.

MAI CAJI: Alhaji... ba sabis.

ALHAJI: Kamar yaya ba sabis? Yanzun nan ka cire wa wata mata.

MAI CAJI: Yanzun nan kamfanin yana aiki.

Alhaji ya dubi mai caji, ya dubi manomi, ya dubi sama. Ya ciro wayar a hankali ya kunna.

MAI CAJI: Yawwa, ya shiga. Ga dubu ɗari. Ladan cirewa dubu biyu ne, Alhaji, ka san yadda data ta yi tsada.

JAURO: Injiniya, matso. An dawo daga hutun rabin lokaci.