Kafin mu ce a dawo mana da kayanmu

'Yan'uwa matasa, duk ranar da aka saka hoton wani sassaƙen kai na tagulla daga tsohuwar masarautar Benin ta nan Najeriya yana zaune cikin gilashi a Landan, sai mu yi ca: ɓarayi, a dawo mana da kayanmu. Fushin yana bisa hanya, ban musa ba. Amma a tsare ɗayanmu a ce wane kaya ne, wa ya ɗauke shi, hannu nawa ya bi kafin ya shiga gilashin, sai ka ji tsit. Wanda ke riƙe da kayan kuwa wannan shirun yake so. Ko akuya aka sace maka, alƙali sai ya tambaye ka kamanninta.

Ku dubi zakaran tagullar nan da ake kira Okukor. An kwashe shi a 1897, lokacin da sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba. A 1905 mahaifin wani ɗalibi ya ba Kwalejin Jesus ta Jami'ar Kambrij shi kyauta, daga baya ya zama abin ado a ɗakin cin abinci, ana cin abinci ana kallonsa. Ɗalibai ne, sa'o'inku, suka tono yadda ya zo, suka rubuta, suka tsaya kai da fata a 2016 har aka sauke shi. Sai a Oktoban 2021 aka miƙa shi ga Najeriya. Shekara biyar ana abu ɗaya, ba wanda ya gaji.

Aikin bin salsalar kaya ba shi da armashi, in gaya muku gaskiya. Za ka juya kayan ka ga wata 'yar lamba da aka rubuta da tawada a ƙasansa. Lambar ta kai ka tsohon littafin rajista, rajista ta ce an saya a gwanjo, ka nemo kundin gwanjon ka tarar da sunan matar wani hafsan soja, ka bi sunan mijin har ka same shi cikin jerin waɗanda suka je yaƙin. Wani lokaci sawun ya ɓace maka na shekara talatin. A nan ne bakin tsofaffi da mawaƙan fada ke cike abin da takarda ta yi shiru a kai, kuma wannan ɓangaren mu muka fi kowa damar yin sa. Gidan tarihin da ke ɓoye rajistarsa kuwa, ya san abin da ya taka.

Kuma don Allah mu daina cewa komai sata ne. Akwai abin da aka saya, akwai kyauta ta gaskiya, akwai kuma "kyautar" da aka karɓa bindiga na kan tebur. In ka haɗa su duka ka yi musu kuɗin goro, da zarar an ƙaryata ka a guda ɗaya an samu hujjar watsar da sauran.

Doka ma ba ta cika taimako ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya ba ta waiwayar abin da aka kwashe kafin ta fara aiki. Babban gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da kayan Benin kusan 900, yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Duk da haka Faransa ta mayar wa maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey 26 a 2021, Jamus kuma ta sa hannu a 2022 kan mallaka wa Najeriya kayan masarautar Benin fiye da 1,100. An san ranar da aka ɗauke su da wanda ya ɗauka, shi ya sa musu ya yi wuya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muke yi da hannunmu. Gumakan yumɓu na Nok, tsohuwar al'ummar nan ta tsakiyar Najeriya, da suka cika kasuwannin Turai a shekarun 1990 ba soja ne ya kwashe su ba, haƙo su aka yi aka sayar wa dillalai. Wanda aka tono a ɓoye ba shi da rajista, ba shi da hoto, har ramin da ya fito an rufe. Gobe da wace shaida za a nemo shi?

In akwai tsohon takobi ko rubutaccen littafi a hannun danginku, ku ɗauki hotonsa gaba da baya, ku auna tsawonsa, ku zauna da wanda ya fi kowa shekaru ya faɗa muku daga wa aka gaje shi, ku rubuta har da kwanan wata.