Lauyan da ya yi ciyaman, kuma yake rubutu

Kun ce marigayin lauya ne, ya yi ciyaman, yana kuma rubuta labarai, amma ba ku nuna inda ukun suka haɗu ba, wato rigimar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsu. Ku duba gefen Kano, irin Ungogo da Kumbotso: a sayar da gonar gado tun ba a raba ba, ba a fitar wa matar mamaci tumuninta ba, mai unguwa ya sa hannu, bayan shekaru magada su tayar da balli. Iyalan marigayi lauyan su kwashe takardunsa daga ƙasa, su zuba a akwatin ƙarfe saboda gara.