Sauya harshe zuwa C ba shi kaɗai ke kawo sauri ba

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu rubuta manhaja: wai Mercurial, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, na jan ƙafa ne don an gina ta da harshen Python, kuma da zarar an mayar da wani sashe zuwa C ko Rust, magana ta ƙare. Suna da hujja, domin Python ba ta kai C gudu ba, shi ya sa sassan da ke kwatanta fayiloli da shigar da sauye-sauye a cikinsu, irin su bdiff da mpatch, da C aka rubuta su.

Amma a duba umarnin hg status na Mercurial, wanda ke nuna fayilolin da aka sauya, a ma'ajiya mai fayil 100,000. Yawancin lokacin na tafiya ne wajen tambayar faifai, fayil bayan fayil, ko an taɓa shi. Harshe ba ya rage wannan jira. Abin da ya rage shi shi ne fsmonitor, wani ƙari a kan Mercurial mai dogaro da manhajar Watchman ta Facebook, wadda ke lura da sauye-sauye tun suna faruwa.

Ga kuma abin da ake yawan mantawa: duk bayanin da zai tsallaka daga Python zuwa C sai an sauya masa siffa. Idan ana tsallakawar a kan kowane fayil, ribar na iya zurarewa nan.